Masanin Halayyar Ɗan Adam a Gaban Alƙali: Yadda Karatun Yake da Yadda Aikin Yake

Da yawa daga cikin ɗaliban da ke sha'awar fannin ilimin halayyar ɗan Adam a harkar shari'a, finafinan Amurka ne suka ja ra'ayinsu. A can suka ga ƙwararre ya iso wurin da aka yi kisa, ya ɗan zagaya, ya dubi gawa, sannan ya juyo ya ce wa 'yan sanda: namiji ne, bai wuce shekara 35 ba, ba shi da aure, gidansa ma bai yi nisa da nan ba. Kafin gari ya waye an cafke mutumin. Fannin da ya haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da harkar shari'a yana nan da gaske, ana karanta shi har zuwa digirin digirgir, kuma mutane suna cin abinci da shi. Sai dai galibin masu wannan sana'a har su yi ritaya ba su taɓa taya ɗan sanda farautar mai laifi ba. Aikinsu yakan fara ne bayan an riga an kama mutum.

Kotu takan ci karo da tambayar da littafin doka ba zai amsa mata ba. Wannan mutumin da ke tsaye a gabanmu, ya san abin da ake yi da shi kuwa? A lokacin da ya aikata abin, yana cikin hayyacinsa? Idan aka sake shi, zai sake? Yaran nan da iyayensu suka rabu, a hannun wa zamansu zai fi alheri? Masanin da kotu ta kira, tambaya guda ake miƙa masa daga cikin irin waɗannan, kuma ita kaɗai ake so ya amsa. Ba shi zai ce mutum ya aikata ko bai aikata ba.

A Amurka, inda sana'ar ta fi kafuwa, tambaya ta farko ita ce tushen aikin yau da kullum. A 1960 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar wani mai taɓin hankali, Milton Dusky, inda ta ce sanin sunansa da ranar da ake ciki da wurin da yake bai isa a gurfanar da mutum ba. Dole ya fahimci shari'ar da ake yi masa, kuma ya iya zama da lauyansa su tattauna cikin hankali. Daga nan aka samu dubun-dubatar gwaje-gwaje irin wannan a kowace shekara, kuma a mafi yawansu sakamakon yakan nuna cewa mutumin zai iya fuskantar shari'a.

Ga yadda zaman yake. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a gidan yari, tebur da kujeru biyu, gandiroba yana bakin ƙofa. Kafin a soma komai, masanin zai ce wa fursunan wani abu mai kama da haka: ni ba likitanka ba ne, kotu ce ta turo ni, duk abin da ka faɗa mini zai iya shiga rahoton da alƙali da lauyoyin ɓangarorin biyu za su karanta. Wannan gargaɗi shi ne ya raba wannan sana'a da aikin asibiti. A asibiti, majinyaci ya kawo kansa, yana neman sauƙi, sirrinsa a rufe yake, kuma ana ɗaukar maganarsa da kyakkyawan zato. A nan kuwa mutumin bai gayyace ka ba, watakila ransa ne ma ke kan siraɗi, kuma yana da kowane irin dalili na ya ƙara gishiri ko ya ɓoye wani abu. Sai a shiga tambayoyi. Me ake tuhumarka da shi? Mene ne aikin alƙali? Lauyan nan da ke zuwa wajenka, na ɓangaren wa ne? Idan shaida ya yi maka ƙarya a kotu, me za ka yi? Bayan an tashi, sai tarin takardu: bayanan 'yan sanda, katin asibiti na shekaru, rahoton makaranta, hira da dangi. Awa biyu a gidan yari takan jawo kwanaki ana karatu da rubutu. Wanda ba ya son rubuta rahoto mai shafi 20 da za a bi layi-layi ana neman kuskure a cikinsa, gara ya sake tunani tun da wuri.

Batun masu haukan ƙarya kuwa babi ne mai zaman kansa, kuma a nan ne ilimin yake nuna amfaninsa. Akwai wani gwaji da ake nuna wa mutum hotuna 50 ɗaya bayan ɗaya. Daga baya a riƙa nuna masa biyu-biyu, ɗaya ya gani ɗazu, ɗaya sabo, a ce ya nuna wanda ya gani. Ko da mutum bai tuna komai ba, canki-canka kawai zai ba shi wajen 25 daidai. To idan wani ya samu 8, lissafi ya tona masa asiri: ya san amsar, kauce mata yake yi. Haka nan mai kwaikwayon hauka yakan zuba alamomin da masu ciwon na gaskiya ba kasafai suke da su ba, domin daga fim ya koyo. Duk da haka ana cin ƙwararru da yaƙi. Vincent Gigante, shugaban ɗaya daga cikin manyan gungun 'yan mafiya na birnin New York, ya shafe shekaru masu yawa yana yawo a unguwa da rigar wanka da silifas yana sambatu, likitoci da dama suka shaida cewa ba shi da lafiya. Sai a 2003 ya amsa a gaban kotu cewa shiri ne.

Tambaya ta biyu, wato halin da mutum yake ciki a lokacin da ya aikata laifin, ita ce jama'a suka fi sani, kuma ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Asalin ƙa'idarta daga Ingila yake. A 1843 wani ɗan Sikotlan, Daniel M'Naghten, wanda ya yi imanin cewa jam'iyya mai mulki tana farautarsa, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel. Kotu ta ce ba shi da laifi saboda taɓin hankali, mutane suka fusata har da Sarauniya Victoria, sai aka sa manyan alƙalai suka fitar da ƙa'ida: ba za a ɗauke wa mutum alhaki ba sai idan ciwon ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne. Tarihi ya maimaita kansa a Amurka lokacin da aka wanke John Hinckley a 1982, bayan ya harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981. Majalisa ta tsaurara dokar a 1984, kuma a yau jihohi 4, wato Idaho da Montana da Utah da Kansas, sun soke irin wannan kariya a tsohuwar sigarta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wani babban bincike da aka yi a jihohi 8 ya gano cewa wajen kashi 1 cikin 100 na manyan shari'o'i ne kawai ake kawo wannan hujja, kuma a cikinsu kusan ɗaya bisa huɗu ne take karɓuwa. Wanda ta karɓe shi ma ba gida yake tafiya ba. M'Naghten a tsare ya mutu a asibitin Broadmoor a 1865, Hinckley kuma sai 2016 ya bar asibiti.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Sashe na 51 na kundin Final Kod na Arewacin Nijeriya, wanda aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan da Indiya, ita ya bi kusan kalma da kalma. Sashe na 28 na kundin laifuffuka na Kudu ya ɗan faɗaɗa, ya haɗa da wanda ciwo ya hana shi iya kame kansa. Tun kafin duk waɗannan, ɗalibin fiƙihu ya san hadisin da ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har ya samu hankali. Ba a ƙa'idar gizo ke saƙa ba. Wa zai tantance, da wane ma'auni, shi ne batun.

An daɗe ana ganin wannan tantancewa aikin likita ne shi kaɗai, wato likitan ƙwaƙwalwa da ya yi karatun likitanci. Tun 1908 Hugo Münsterberg, Bajamushen da ke koyarwa a Harvard, ya yi ta kiran lauyoyi da su saurari masana halayyar ɗan Adam, suka mai da shi abin dariya. Sai a 1962, a shari'ar Jenkins, kotun ɗaukaka ƙara ta birnin Washington ta bakin alƙali David Bazelon ta ce masanin halayya mai horo da gogewa zai iya ba da shaidar ƙwararru kan taɓin hankali ko da ba likita ba ne. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ba ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai cin gashin kanta ba sai 2001.

Yanzu sai maganar karatu, kuma a nan ne ɗalibai suka fi yin asarar kuɗi da lokaci.

A Amurka, sunan da ke jikin takardar digiri ba shi ke ba mutum damar aiki ba, lasisi ne. A kusan dukkan jihohi, ba a ba da lasisin masanin halayya sai ga mai digirin digirgir. Saboda haka hanyar da ta fi inganci ba ta ɗauke da sunan shari'a a goshinta: mutum ya nemi digirin digirgir a ɓangaren kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, a shirin da APA ta tantance, sannan ya karkata zuwa harkar shari'a ta hanyar zaɓen malamin da zai duba shi da wuraren da zai yi horo. Shekara 5 zuwa 7 ake yi, ta ƙarshe a cikinsu horo ne na cikakken lokaci a asibiti ko gidan yari. Bayan nan akwai jarrabawar lasisi ta ƙasa, EPPP, da sa'o'in aiki ƙarƙashin kulawar wani babba, kuma da yawa sukan ƙara shekara guda ta ƙwarewa. Makarantun da suka yi suna a wannan layi sun haɗa da Kwalejin John Jay a New York, da Jami'ar Sam Houston da ke Huntsville, garin da hedikwatar gidajen yarin Texas take, da Drexel a Philadelphia, da Jami'ar Nebraska wadda tun 1974 take haɗa wa ɗalibi karatun lauya da digirin digirgir a tafiya ɗaya.

Digirin iri biyu ne. PhD ya fi nauyi a bincike, galibi jami'a ce ke ɗauke kuɗin makaranta har ta ba ɗalibi alawus, shi ya sa shiga yake da wuya: ɗaruruwa su nema, a ɗauki ƙasa da 10. PsyD ya fi karkata ga aiki da mutane, ƙofarsa ta fi faɗi, amma ɗalibi ne ke biya, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya fito da bashin da ya kai dala dubu 200. Matsakaicin albashin masanin halayya a can ya ɗan haura dala dubu 90 a shekara, sai mai lissafi ya auna da kansa. Digiri na biyu kuwa, wanda jami'o'i ke tallarsa da kyakkyawan suna, wasu ma ta intanet, yana da amfaninsa: aikin sa ido kan waɗanda aka yi wa ɗaurin talala, tallafa wa waɗanda aka zalunta, taimakawa a bincike, ko tsani zuwa digirin digirgir. Amma shi kaɗai ba zai tsayar da mutum a gaban alƙali a matsayin mai tantance hankalin wanda ake tuhuma ba, kuma masu tallar ba su cika faɗin hakan da babbar murya ba.

Tsarin Birtaniya daban ne, ya fi gajarta a takarda. Ana farawa da digirin farko da ƙungiyar masana ta ƙasar, BPS, ta amince da shi, sai digiri na biyu na shekara guda a fannin, wanda shi ne mataki na farko. Mataki na biyu aiki ne na aƙalla shekara 2 ƙarƙashin kulawa, sannan a yi rajista da hukumar HCPC mai sa ido kan ma'aikatan lafiya, wadda tun 2009 doka ta hana kowa kiran kansa da sunan wannan sana'a sai da rajistarta. Jami'o'i irin su Birmingham da Nottingham suna da digirin digirgir da ya haɗa matakan biyu. Babban mai ɗaukar ma'aikata shi ne hukumar gidajen yari da sa ido kan masu laifi. Ɗalibin da zai taso daga Kano ko Zariya ya lura da wannan sosai: samun gurbin mataki na farko ba shi da wahala idan akwai kuɗi ko tallafi irin na Chevening ko Commonwealth, amma mataki na biyu yana buƙatar gurbin aiki, ga gasa da 'yan ƙasa, ga batun biza. Chevening ma sharaɗinta ne mutum ya koma gida na shekara 2. Da yawa sukan dawo da rabin cancanta ba su sani ba.

Akwai kuma reshen da ba ya buƙatar lasisi ko kaɗan, na masu bincike a jami'a, kuma a ganina su ne suka fi sauya yadda ake shari'a. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim ɗin hatsarin mota, suka tambaye su gudun motocin. Wasu an yi musu tambayar da lafazi mai zafi, mai nuna motocin sun ragargaje, wasu kuma da lafazi mai sauƙi. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. A rukuni na farko mutum 16 cikin 50 suka ce sun gani, a na biyu 7. Babu gilashin da ya fashe a fim ɗin. Tambayar ɗan sanda kaɗai tana iya gyara abin da shaida yake tunawa, kuma ya rantse a kai da zuciya ɗaya. Haka ta faru da Jennifer Thompson a jihar North Carolina a 1984, wadda ta nuna Ronald Cotton a matsayin wanda ya yi mata fyaɗe ba tare da wani kokwanto ba. Ya yi fiye da shekara 10 a kurkuku kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1995. A cikin waɗanda irin wannan gwaji ya wanke a Amurka, kusan kashi 70 cikin 100 kuskuren shaidar gani da ido yana cikin abin da ya ɗaure su. A Birtaniya kuma Gisli Gudjonsson, tsohon ɗan sanda daga Iceland, ya nuna yadda matsin tambayoyi ke sa wanda bai yi laifi ba ya amsa laifi, har ya ƙirƙiro ma'aunin gane mai saurin biye wa mai tambaya.

Fannin yana da nasa abin kunya, kuma ya kamata mai shiga ya san shi. A Texas an yi wani likitan ƙwaƙwalwa, James Grigson, da ya ba da shaida a shari'o'in hukuncin kisa fiye da 100, yana tabbatar wa kotu cewa wanda ake tuhuma zai sake kisa, wani lokaci bai ma taɓa zama da mutumin ba. Cikin waɗanda ya yi wa wannan shaida har da Randall Dale Adams, wanda aka saki a 1989 bayan ta bayyana ba shi ya yi kisan ba. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta kori Grigson a 1995. Irin wannan ɓarna ce ta sa aka koma ga ma'aunai masu tsari, kamar PCL-R na Robert Hare ɗan Kanada, wanda ke auna halin rashin tausayi da rashin nadama a tattare da mai laifi, mai ɗauke da siffofi 20, kowace a ba ta maki 0 ko 1 ko 2. An zaci lamba za ta kawar da son rai. Sai a 2013 Daniel Murrie da abokan aikinsa suka ɗauki ƙwararru 108, suka biya su, suka ba su fayilolin masu laifi iri ɗaya. Wasu an sa su sun ɗauka masu gabatar da ƙara suke yi wa aiki, wasu kuma lauyoyin kariya. Na farkon suka fi ba da maki mai nuna haɗari, na biyun suka sassauta. Ba wanda ya ce musu su yi hakan, kuma da an tambaye su da sun rantse cewa adalci suka yi. In baki ya ci, ido kan ji kunya, ko da mai idon yana da digirin digirgir.

Shi kuma aikin zayyana siffar mai laifi da finafinai suka ɗaukaka, 'yan ƙalilan ne ke yin sa. A hukumar FBI mai binciken manyan laifuffuka a Amurka, jami'an bincike ne da suka shekara suna aikin fage, ba sababbin masu digiri ba. Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta a kansa. A Yulin 1992 aka kashe Rachel Nickell a filin shaƙatawa na Wimbledon da ke Landan, a gaban ɗanta ɗan shekara 2. 'Yan sanda, da shawarar masani Paul Britton, suka ƙyalla ido a kan Colin Stagg saboda ya yi kama da siffar da aka zayyana, har suka tura masa 'yar sanda a ɓoye ta yi ta jan sa da soyayya ko zai amsa. Bai amsa ba, amma ya yi wata 13 a tsare kafin alƙali ya yi watsi da ƙarar a 1994. Ainihin wanda ya yi kisan, Robert Napper, ya kashe wata mata da 'yarta a 1993, lokacin hankalin 'yan sanda yana wani wuri. Sai 2008 ya amsa kisan Nickell, aka kuma biya Stagg diyyar fam 706,000.

To wanda ya yi karatun ya dawo Nijeriya fa? Zai tarar kotuna sun saba neman rahoton likitan gwamnati, galibi daga asibitocin ƙwaƙwalwa irin su Aro a Abeokuta, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da na Maiduguri, masanin halayya kuma yana aiki ne a cikin tawaga, yana gwaje-gwajen da likita zai dogara da su. Dokar shaida ta 2011 ta bar ƙofa a buɗe ga ra'ayin ƙwararre a kowane fannin ilimi. Dokar 2019 ta mai da gidajen yari hukumar gyaran hali, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga cibiyar Malam Sidi a jihar Gwambe, inda ake gyara tunanin tubabbun 'yan Boko Haram, kuma tambayar da ake fuskanta a can ita ce dai waccan tsohuwar: idan aka sake shi, zai sake? Ga gidajen yarin da mafi yawan mazaunansu jiran shari'a suke yi. Buƙata tana nan, guraben aiki masu ɗauke da sunan ne ba su yawaita ba, don haka mafi aminci shi ne mutum ya fara ƙwarewa a ɓangaren asibiti, sannan ya ɗora wannan a kai.

Abin da zai fi ba shi aiki kuwa shi ne kayan aikin kansu. PCL-R a kan fursunonin Kanada aka gina shi. Gwaje-gwajen kaifin basira da ake amfani da su, da 'yan makarantar bokon Amurka da Turai aka daidaita su. Idan aka kawo manomi daga Gumel da ya sauke Alƙur'ani amma bai taɓa zama a aji ba, aka yi masa tambayoyin ta bakin tafinta, lambar da za ta fito ba basirarsa ta auna ba. Haka nan idan wanda ake tuhuma ya ce an yi masa sammu, ko iskokai ne suka shige shi, masanin da ya taso a Landan zai iya rubuta cewa ruɗani ne na taɓin hankali, alhali rabin mutanen ƙauyen haka za su fassara abin. Wani kuma mai ciwon na gaskiya zai iya fakewa a cikin wannan bayani har a kasa gane shi. Raba waɗannan biyun yana buƙatar wanda ya san littafin ya kuma san mutanen, wanda zai zauna da mahaifiyar mutumin da limamin unguwarsu ya tambaye su da Hausa tun yaushe ya sauya, kuma ko su kansu suna ganin maganar tasa ta wuce abin da aka saba ji.